Ra'ayinmu: Abin da Gona Ta Rasa, Iska Ta Ɗauka

Akwai wata magana da ta fara yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai, musamman tsakanin 'yan'uwanmu masu karatun aikin gona, wai hayaƙin man dizal da ke turnuƙe Kwangila da tashoshin motar Sabon Gari ba abin damuwa ba ne, domin cikinsa akwai farar wuta, ita kuwa farar wuta abincin tsiro ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muka ga ya kamata mu tanka tun ba ta bi masu ita zuwa ofis ba.

Gaskiya ne tsiro ba ya rayuwa sai da farar wuta, watau abin da Turawa ke kira salfa. Da ita yake gina wani ɓangare na furotin ɗin jikinsa, da ita kuma yake haɗa sinadarin gulutatayon wanda ke kare shi idan zafi ko fari ko guba suka matsa masa. Yajin albasa da warin tafarnuwa duk daga gare ta suke. Har ma masana sun gano cewa idan ƙasa ta fara bushewa, saiwa takan aika da gishirin salfa zuwa ganye ta cikin jijiyoyin ruwa, wannan kuwa yana cikin abin da ke sa ganye ya rufe ƙananan kafofinsa don kada ruwa ya ƙare. Hanyarta ta asali dai ita ce daga ƙasa zuwa saiwa, sannu a hankali, gwargwadon bukata.

To, amma idan aka ƙone mai ko gawayin kwal ko tsohuwar taya, farar wutar da ke ciki sai ta zama iskar da ake kira salfa dayoksaid. Wannan ba ta bin saiwa. Ta kafofin ganye take kutsawa, ta narke cikin damshin da ke ciki, ta zama salfayit. Idan kaɗan ce, ganye yana da dabarar juya ta ta koma abinci, nan ne masu waccan magana suka kafa hujja. Idan kuwa ta fi ƙarfinsa, sai ta ɓata koren da yake sarrafa hasken rana da shi, a ga ganye ya yi fari-fari tsakanin jijiyoyinsa kamar an yayyafa masa ruwan zafi. Kafin a kai ga haka ma, girma ya riga ya ragu ba tare da ido ya gani ba. Abin lura shi ne, tsiron da ya ƙoshi da ruwa shi ya fi buɗe kafofinsa, saboda haka shi ya fi shaƙa. Ke nan alayyafo da latas na lambunan rani da ke bakin Kubanni da Galma sun fi gero mai fama da ƙishi shiga hatsari. Auduga ma tana cikin tsirran da ba su jure ta. Ba mu ma taɓo huhun ɗan Adam ba: hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disamba 1952 ya kashe mutane dubbai cikin 'yan kwanaki.

Inda abin ya fi ba mu takaici shi ne, ƙasarmu ta Arewa yunwar farar wuta take yi, an kuwa daɗe da sanin haka a nan Samaru. Tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta nuna tun shekarun 1950 cewa amfanin da gyaɗa ke samu daga takin sufa ba na fosfat kaɗai ba ne, har da farar wutar da ke cikinsa, kimanin kashi 12 cikin ɗari. A shekarun 1970 wani masani mai suna Bromfield ya auna abin da ruwan sama ke saukarwa a wannan yanki, ya tarar bai wuce wajen kilo ɗaya ba a kowace hekta cikin shekara guda. Ɗan abin da ciyawa da karan dawa suka tara kuwa, mu da kanmu muke cinna masa wuta da kaka, ya tashi sama a matsayin wannan iska, ya tafi inda ba zai amfani kowa ba.

Iyayenmu da suka yi noma da sufa da takin salfa suna ba gona farar wuta ko ba su sani ba. Yau yuriya da kamfa suka cika kasuwa. Yuriya ba ta da ko ɗigo, buhun kamfa kuwa galibi lambobi uku ne kawai a jikinsa, babu wadda ke nufin farar wuta. Manomi sai ya ga sabon ganyen masararsa ya yi rawaya, ya zaci yuriya ce ta yi kaɗan, ya ci bashi ya ƙaro buhu. Alhali rashin yuriya daga tsofaffin ganye na ƙasa yake farawa, na farar wuta kuwa daga sababbi na sama. Wannan bambanci ɗalibin shekarar farko ya san shi, amma mutum nawa ne a Bomo ko Shika aka taɓa gaya musu da Hausa?

Masu kare hayaƙi sukan kawo misalin Ingila, inda bayan an tsabtace hayaƙin masana'antu gonaki suka fara nuna ƙarancin farar wuta. Haka aka yi. Amma Turawan ba su koma ƙona kwal ba. Taki suka gyara, suka ci gaba da rage salfa a man motocinsu har ya dawo kashi 10 cikin miliyan a 2009. Mu kuwa a 2016 dokarmu ta yarda da kashi 3,000 a dizal. A Disamba na wannan shekara Nijeriya da maƙwabta huɗu suka yi alkawari a Abuja za su sauko zuwa 50, aka yi ta ɗaga wa'adi, har a 2024 matatar Ɗangote da hukumar kula da mai suka yi ta cacar baki a bainar jama'a kan yawan salfa a dizal.

Bisa ga haka muna kira ga sassan kimiyyar ƙasa da na tsirrai su sa ɗaliban shekarar ƙarshe su riƙa auna iska da ganye daga Samaru zuwa Sabon Gari, rani da damina, maimakon maimaita batutuwan da aka gaji da su, sa'an nan a buga sakamakon cikin harshen da masu lambu ke ji. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi a daina ƙona taya da shara kusa da gonaki.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka fara aiki a ma'aikatun gona na jiha da ƙananan hukumomi, takardun sayen taki ta teburinku suke bi. Kafin ku miƙa fayil sama, ku rubuta tambaya guda a gefensa: nawa ne farar wutar da ke cikin wannan buhu?