KAFIN A SAYI SABUWAR JITA: SHAWARA GA DATTAWA DA MAWAƘA



A yawancin ikkilisiyoyinmu, ga mu mazauna Ƙofar Sauri da sauran unguwannin birnin Katsina, akwai wata gardama da takan taso idan shekara ta doshi ƙarshe, lokacin shirin godiyar kaka da Kirsimati. Matasa su kawo takarda gaban dattawa cewa jitar ƙungiyar mawaƙa ta lalace, sai ƙugi take yi, a sayi sabuwa. Dattawa su duba asusu su ce ai bara waccan aka saya. Matasa su tafi da ɓacin rai cewa ba a damu da hidimarsu ba, dattawa kuma su ce yaran yanzu ba su san wahalar kuɗi ba. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, baikon gwauraye da 'yan fansho da masu ƙaramar sana'a ne ke riƙe da su. Saboda haka bai kamata a kashe ko naira ɗaya a kan abin da ba a fahimta ba.

Ra'ayina shi ne: ƙugin da ke damunmu yawanci daga wani ɗan ƙaramin abu yake fitowa, wanda makaɗa ke kira pikof, da kuma yadda aka ja wayar wuta a majami'a. Ikkilisiyar da ke sujada da janareta ta fi dacewa da jita mai pikof irin wanda ake kira hambaka. Bari in kawo dalilaina.

Menene pikof?

Idan kun dubi cikin jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi, za ku ga wasu 'yan sanduna biyu ko uku kwance a gicciye. Su ne pikof. A cikin kowannensu akwai maganaɗisu, an naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashin kai, zagaye wajen 8,000 a irin na jitar Stratocaster. Tsirkiyar jita ta ƙarfe ce, don haka maganaɗisun yana kama ta. Da makaɗi ya taɓa tsirkiya ta fara rawa, sai ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin ya riƙa motsi tare da ita, wannan motsi kuwa ya haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, yawanci ƙasa da bolt ɗaya. Ita ce ke bin igiya zuwa amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, ta fito ta lasifika. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan ka'ida a 1831, kuma da ita janaretan da ke bayan majami'a yake ba mu wuta. George Beauchamp na Amurka ya ɗora ta a kan jita wajen 1931.

Daga nan za ku gane abubuwa biyu. Na ɗaya, pikof ba ya jin sauti kamar makirufo, motsin ƙarfe kawai yake kamawa. Shi ya sa idan aka sa wa jitar lantarki tsirkiyar roba ba za ta ce uffan ba. Na biyu, naɗin waya ba ya zaɓe. Duk wani ƙarfin maganaɗisu da ke motsi kusa da shi zai ɗauka, ko na tsirkiya ne, ko na janareta, ko na taransfoma, ko na sitabilaiza da dogon ƙwan fitila. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, wannan juyawar ce kunnenmu ke ji a matsayin ƙugi. Idan janareta ya ja nauyi kuma, za ku ji ƙugin yana hawa yana sauka tare da shi.

Iri biyu da ke kasuwa

Na farko shi ne mai naɗi ɗaya, wanda kamfanin Fender ya sa wa Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954. Muryarsa garau take, siririya, tana ratsa sauran kayan kiɗa. Duk wanda ya saurari Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa na Jamhuriyar Nijar, yana kaɗa Stratocaster ɗinsa, ya san irin muryar da nake nufi. Aibinsa shi ne yana kwasar ƙugi ba tare da wata kariya ba.

Na biyu shi ne hambaka, mai naɗi biyu. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya ƙera shi a 1955, aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957. Dabarar mai sauƙi ce. An jera naɗi biyu gefe da gefe, an haɗa su suna saɓa wa juna, maganaɗisunsu ma yana saɓa wa juna. Ƙugin da ya shigo daga waje yakan shiga naɗin biyu daidai wa daida, sai na ɗaya ya kashe na ɗayan. Muryar tsirkiya kuwa, saboda maganaɗisun ma an juya shi, sai ta haɗu ta ƙara ƙarfi. Farashin da ake biya shi ne muryar takan yi kauri, ta rasa ɗan kaifin nan na sama. Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar bishara ta Amurka, da farar jitar Gibson mai hambaka uku ta yi waƙoƙinta a shekarun 1960, kuma babu wanda ya ce muryar jitarta ta ɓace.

Akwai kuma pikof mai batir, irin na kamfanin EMG, wanda ke aiki da batir mai bolt 9. Shiru yake sosai, amma yana da tsada, kuma ranar da batir ya ƙare a tsakiyar sujada jita ta shiga tangarɗa ke nan. Ga ikkilisiyar da makaɗa uku ko huɗu ke karɓa-karɓa da jita ɗaya, ban ba da shawararsa ba.

Abin da matasa za su ce

Na san mawaƙanmu za su ce irin kiɗan da muke yi, mai sauri mai 'yan yatsu, da siririyar murya yake daɗi, hambaka kuwa nauyi gare shi. Suna da gaskiya, kuma bai kamata dattawa su yi watsi da wannan magana ba. Amma a tuna cewa a majami'a jita rakiya take yi wa waƙa. Tsohuwar da ke zaune a bencin baya kalmomi ta zo ji. Lokacin addu'a da karatun Littafi, jita na jingine amma ƙuginta na cika ɗaki. Idan makaɗi ya ji ƙugi ya rufe shi sai ya ƙara murya, ƙugin ma ya ƙaru, mai ganga ya ƙara hannu, a ƙarshe sauti ya tsallake katanga ya shiga gidajen maƙwabta. Mu da muke zaune tsakiyar maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba, mun san darajar zaman lafiya da su. Sauti mai tsabta ba ya buƙatar a ƙure masa murya kafin a ji shi.

Akwai kuma hanyar da za ta gamsar da kowa. Ana yin jita mai hambaka ɗaya kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suke zama, da masu naɗi ɗaya guda biyu zuwa wajen wuya. Yamaha Pacifica 112 misali ce. Ranar da wuta take da tsabta makaɗi ya yi amfani da siririyar muryarsa, ranar janareta ya tura maɓalli zuwa hambaka. Ko Stratocaster da muke da ita, a yawancin na zamani, idan aka sa maɓallin a matsayi na 2 ko na 4 pikof biyu ne ke aiki tare, su kashe ƙugin juna. Makaɗa da yawa ba su san haka ba. Mai kaɗa bes ma, idan irin Jazz Bass ce a hannunsa, ya buɗe pikof biyun daidai da juna zai ji ƙugi ya kwanta.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci

Dattawa, ku kula da wannan. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar igiya. Idan amfilifaya ta sami matsala, kuma babu wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, to jikin yaron da ke riƙe da jita shi ne hanyar da wutar za ta bi. Mun saba ganin an karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko an cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Hambaka ba ya maganin wannan. Idan mawaƙi ya ce makirufo na cizon leɓensa, a kashe kaya nan take a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Rigakafi ya fi magani.

Shawarata ga kwamitin da za a ɗora wa wannan aiki ita ce:

1. A fara kiran mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta majami'a da ta janareta, a kuma matsar da janareta da sitabilaiza nesa da wurin makaɗa.

2. A gwada jitar da ake da ita. Makaɗi ya tsaya ya juya jikinsa a hankali. Idan ƙugi na raguwa yana ƙaruwa yayin da yake juyawa, pikof ne ke kwaso shi daga waje, jita lafiyarta ƙalau. Idan ƙarar ta ƙaru da ya taɓa tsirkiya, akwai wayar da aka haɗa ba daidai ba. A gwada wata igiyar ma, domin sau da yawa ita ce mai laifi.

3. Idan jikin jita da wuyanta lafiya suke, a canja pikof kawai. Akwai hambaka da aka yi shi daidai ramin mai naɗi ɗaya, kuma mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya haɗa shi.

4. Idan dole sai an sayi sabuwa, ko a Kano ko a kasuwar Alaba ta Legas, kada a tafi da suna kawai, domin ana liƙa wa jabu sunan manyan kamfanoni. A tafi da makaɗi da dattijo ɗaya, a jona ta a shago, a saurare ta lokacin da ba a kaɗa ta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

5. A sayi jaka, a riƙa goge tsirkiyoyi bayan kowace sujada. Gumi da ƙurar hunturu suna cin ƙarfe, maganaɗisu kuma yana tara ɓurɓushinsa.

Matasanmu da ke ba da yammacinsu don koyon waƙa sun cancanci kayan aiki mai kyau da ba zai cutar da su ba. Masu ba da baiko kuma sun cancanci a yi lissafi kafin a taɓa kuɗinsu. Idan dattawa da mawaƙa suka zauna tare da jita a gabansu suka bi waɗannan matakai, ina da tabbacin ikkilisiyoyi da dama za su tarar gyara kaɗan ya ishe su, sauran kuɗin ya tafi ga wata hidima.

Ubangiji ya ba mu hikima da haɗin kai. Amin.