ƊAKI ƊAYA DA MAKULLINSA: BASHIN DA TSOFAFFINMU KE BIN GWAMNATI

Jama'ar zango na Bawku, Paga, Hamile, Aflao da Elubo,

Kafin ranar zaɓe, ku shiga gidan hayar da ya fi kusa da ku, ku tambaya ina tsohuwar gidan take kwana. Za a nuna muku baranda, ko ɗakin ajiye gawayi da tukwane, ko tabarma a gindin gadon ɗanta, a ɗaki ɗaya da surukarta da jikoki biyar. Matar nan ta yi shekara arba'in tana dama koko, tana ƙetare boda da goro da tumatir a ka, tana biyan tikitin kasuwa kowace safiya. Ba ta taɓa cin kuɗin gwamnati ba, gwamnati ce ta ci nata. Yau ba ta da ƙofar da za ta rufe ta canza zane.

Fansho na SSNIT galibi na masu albashi ne. Dillalin shanu, mahauci, mai wanki da guga, mai gadi, ɗan canji a bakin boda, yawancinsu babu sunansu a can. Jarinsu ƙarfinsu ne, kuma ya ƙare. Ɗan abin da ya rage a hannu, rufe bodar ƙasa da aka yi daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 ya cinye shi. Ku da ke bakin iyaka ba sai an ba ku labari ba. Kafin mutane su farfaɗo, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022.

Ga kuma maigida a tsaye yana jiran adibas. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba. A wane gari ake bin ta? Shekara ɗaya ake nema, ko biyu, in babu a fitar maka da kaya waje. Ba mu zargi kowane maigida ba, da yawansu su ma tsofaffi ne, hayar nan ce tuwonsu. Laifin na mai mulkin da ya bar talaka da talaka suna shaƙe juna ne.

NPP za ta ce gwamnatinta ta yi wani abu. To mu duba. A Janairu 2023 ta buɗe shirin taimakon 'yan haya. Rance ne, ba kyauta ba, kuma sai ka kawo shaidar kuɗin da ke shigo maka wata-wata. Dattijo ɗan shekara 75 a ina zai samo ta? Za su ce akwai LEAP. Shekaru ana ba mutum ɗaya sidi 64 duk wata biyu. An ninka a 2023, an sake ninkawa a 2024, shekarar zaɓe, ya kai sidi 256. Ku raba shi gida biyu, ku cire magani, ku cire kuɗin shiga bayan gida na haya safe da yamma, ku gaya mana abin da ya rage na ɗaki.

Kada kowa ya ce muku babu kuɗi. A Saglemi, kusa da Prampram, an amince da bashin dala miliyan 200 a 2012 don gina gidaje 5,000. Kimanin 1,500 aka tayar. Waɗanda suka fara aikin suna da tambayar amsawa, ba mu wanke su ba. Amma waɗanda suka gaji aikin a 2017 sun bar shi ciyawa ta rufe, ɓarayi suka kwashe wayoyi da kayan ɗaki, alhali ƙidayar 2021 ta nuna ƙasar nan na ƙarancin gidaje miliyan 1.8. A tsakiyar Ankara kuwa an rushe gidajen alƙalai don gina babbar majami'ar ƙasa, aka kashe kimanin dala miliyan 58, abin da ake gani rami ne. Ba mu da faɗa da ɗakin ibadar kowa, tsofaffin Kirista ma suna kwana a baranda kamar namu. Faɗanmu da ramin ne. An kafa ma'aikatar zango a 2017, aka rufe ta a 2021. Asusun raya zango ya shimfiɗa wa samari filayen ƙwallo na roba, madalla, amma kaka ba ta buga ƙwallo.

Mun san abin da wasu za su faɗa: mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne, kuma Allah ya kiyaye mu da hakan. Ba shi muke nufi ba. Ɗaki muke nufi, a cikin zangon da tsoho ya rayu, inda zai taka zuwa masallacinsa, jikarsa ta kawo masa tuwo da dare, abokansa su shimfiɗa buzu a ƙofarsa. Bambancin kawai, makulli na hannunsa. Ku tambayi kowace uwa da ke zaune a ɗakin suruka ko ta fi son haka. Ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Aure nawa ne ya mutu a zango saboda ɗaki ɗaya da ya haɗa uwar miji da matar ɗa? Wadda ba ta haihu ba fa, ko wadda 'ya'yanta suka bi hanyar Libiya babu labari, ɗakin wa za ta raɓa?

Tsohuwar da ba ta da wuri nata ita ake fara nuna wa yatsa. Kun san Gambaga da matan da aka kora can da sunan maita. Kun tuna Akua Denteh, 'yar shekara 90, da aka kashe da duka a Kafaba a Yuli 2020. Majalisa ta zartar da dokar hana irin wannan ƙazafi a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Manufar kula da tsofaffi tun 2010 take a rubuce, dokar da za ta ba ta haƙora har zuwa 2024 ba ta fito ba.

Abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai ba mai wuya ba ne. A gina ɗakuna a ƙasa, babu hawa bene, kowanne da bayan gida da famfo, a filin da asambile da sarkin zango suka ware a cikin gari, ba a bayan daji irin Saglemi ba. Haya kaɗan ce wata-wata, babu adibas, gwamnati ta cika sauran. Ɗakin da sunan tsoho ko tsohuwa zai kasance muddin rai. Ba a sayarwa, ba a gādo, ɗa ba zai kori uwarsa ya sa ɗan haya ba. In mai ɗaki ya rasu, na gaba a layi ya shiga. Sunayen kuwa a karanta su a fili a ƙofar sarki, gaban limamai da fastoci da magajiya, kowa na ji, don kada shugaban jam'iyya na unguwa, namu ko nasu, ya cusa ƙanwar matarsa. Katin jam'iyya ba ya cikin sharaɗi.

Za su zo muku da shinkafa da atamfa da sidi hamsin a ambulan. Duk wanda ya zo, ku zaunar da shi ku tambaye shi ɗaki nawa gwamnatinsa ta gina wa tsofaffi a garinku cikin shekara takwas, ya faɗi unguwar, ku je tare ku gani. Namu ɗan takarar ma ku sa shi ya maimaita alkawarin nan a gaban sarkin zango, a rubuta, ya sa hannu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa kakarsa wannan takarda. Ranar zaɓe ku nemo mata katin zaɓenta tun da dare, ku raka ta rumfa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Hoton ɗan takararmu da alamarmu suna bayan takardar nan.