Almubazzaranci a ginin gida

Mun saba jin wa'azi kan almubazzaranci a wajen biki, amma mun manta da shi a wajen gini. Muna ɗora kwano kan bulo, babu silin, tagogi ƙanana. Bazara na zuwa ɗaki ya zama tanderu, kuɗin cefane ya ƙare a man janareta, hayaƙinsa kuma ya cutar da maƙwabci.

Magabatanmu sun yi gini da tubali da azara, kamar Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Katanga mai kauri tana hana zafin rana shiga.

Mai gini ko gyara ya sa silin, ya buɗe tagogi masu fuskantar juna, ya dasa bishiya ta yamma. Dukiya amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace.