Ƙirga ƙudan zuma ba aikin banza ba ne

In ka ce a koya wa 'yan makaranta da manoma ƙirga ƙudajen zuma na daji, sai wasu malamai su yi dariya, wai aikin marasa aikin yi ne. To, su faɗa mana: wa ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan a gonakin riɗi da kabewa na Issawane?

Gero iska ke masa wannan aiki, shi ya sa muka raina ƙwari. Riɗi ba haka yake ba. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa in an hana ƙudaje isa ga fure, amfanin riɗi na raguwa da kashi 59 cikin 100. Kuma ba ƙudan amya kaɗai ke aikin ba. A duniya akwai iri fiye da 20,000. Mafi yawansu ba sa yin zuma, cikin ƙasa ko busasshen itace suke gida. Muna fesa magani riɗi na cikin fure, muna ƙone kara, ba mai lissafin abin da ya mutu.

Wasu na cewa a bar wa masana. Masana nawa ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da za su tsaya a kowace gona daga Mayahi zuwa Tasawa? A Birtaniya 'yan sa kai ke yi: mutum ya zaɓi furanni a fili mai santimita 50 kowane gefe, ya ƙirga ƙwarin da suka sauka cikin minti 10. Wanne ɗan aji shida ne zai kasa? Babban hutu ma a damina yake faɗowa, yaran na gona. Mai tsoron harbi ya sani kallo ne, ba kamu ba.

Sassabin zamani da ya dawo da gawo a gonakinmu tun shekarun 1980, manoma ne suka yi shi da hannunsu.

Malamai, mu ware littafi ɗaya a kowace makaranta: rana, fure, yawan ƙuda, mu riƙa aika shi jami'a. Iyaye, ku ba yaro minti goma. Wanda bai ƙirga garkensa ba, ba ya sanin ranar da kura ta shiga.