Wa Ake Cewa Uba a Majami'a?

Ran Lahadi ta uku ga watan Yuni na je gida Maradi daga Yamai, na tarar ana bikin Ranar Uba a majami'armu. Bayan waƙoƙi, mai jagorar sujada ya ɗauki makirho ya ce: "Duk wanda Allah ya ba haihuwa ya tashi tsaye a yi mashi addu'a." Maza suka miƙe, zumuntar mata ta bi su da kado, sabulu da ƙyallen share zufa. Kawuna yana zaune kusa da ni, bai tashi ba, don bai taɓa haihuwa ba. Amma shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, lokacin da mahaifina ya tafi Libiya neman kuɗi, labarinsa ya ɗauke. Da keken ɗinkinsa ya biya mani lakwal har na shiga jami'a. Ranar nan tafi ya yi ta yi wa wasu, yana murmushi. Ni kuwa raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Ƴan uwa, maganata ɗaya ce: majami'a ta ƙuntata kalmar da Hausa ta buɗe, kuma addu'armu ta ƙuntata tare da ita.

Harshe nake karantawa, to bari mu fara daga nan. Hausa tana da kalma biyu, mahaifi da uba, kuma ba banza ba. Mahaifi daga haihuwa ya fito, aikinsa ɗaya ne. Uba kuwa ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Wan mahaifinka da ƙanensa duk baba kake ce masu, inda Faransanci zai dunƙule su da kawu ya ce oncle. Muna da uban riƙo, uban ɗaki, ubangida, uban tafiya. A cikin waɗannan ba wanda haihuwa ta ba shi sunan. Ɗaukar nauyi ce ta ba shi. Ko sunan da muke kiran Allah da shi kowace Lahadi, Ubangiji, uba ne haɗe da giji, tsohuwar siffar gida. Mai gidan ne, wanda ke ciyarwa yana tsarewa. To mi ya sa da muka zo yin addu'a sai muka ajiye uba muka ɗauko mahaifi?

Wani zai ce ai bikin na Turawa ne, haka ya zo mana. Ko a can ba haka ya fara ba. A garin Spokane na Amurka aka fara shi ran 19 ga Yuni 1910, bisa roƙon wata mata, Sonora Smart Dodd. Abin da ta so a girmama shi ne wahalar babanta, wanda ya yi renon ƴaƴa shida shi kaɗai bayan matarsa ta rasu. Reno aka yi wa biki. Sai a 1972 ranar ta shiga doka a ƙasar. Katolika kuwa, a ƙasashe irin su Italiya da Spaniya, ran 19 ga Maris suke yin tasu, ranar Yusufu mijin Maryamu. Ku tsaya ku yi tunani: bisa bangaskiyarmu Yusufu bai haifi Yesu ba. Shi ya raɗa mashi suna, shi ya gudu da shi Masar cikin dare, a gidansa na kafinta ya girma. Da Yusufu yana majami'armu ranar nan, an kira shi don Yesu, da a zaune za a bar shi kamar kawuna.

Ban ce a raina mahaifi ba. Fitowa 20:12 tana nan, kuma ni ma mahaifina nake so a yi wa addu'a, duk inda yake, raye ko mace. Amma nan ma an gaza. Addu'ar da na ji kirari ce zalla: ginshiƙan gida, shugabanni, Allah ya ƙara arziki. Ba a ambaci uban da ya tafi cin rani Aljeriya ko Libiya bai dawo ba. Ba a ambaci wanda giya ta cinye albashinsa ba, ko wanda ƴaƴansa ke ɓuya in sun ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ba a ambaci iyayenmu Musulmi ba, alhali a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, da wuya ka sami Kirista Bahaushe da ba shi da baba ko kaka a masallaci. Su ba iyaye ba ne? Muna karanta wa yara Afisawa 6 daga aya ta 1 zuwa ta 3, inda aka umarce su da biyayya, sai mu rufe littafin. Aya ta 4 fa, wadda ta gargaɗi iyaye maza kada su tsokani ƴaƴansu har su fusata? Wane ne ya goge ta?

Na san za a ce yaro ya je jami'a ya dawo yana koya wa dattawa sujada. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake roƙo ba ya cin ko dala. Badi, mai jagora ya canza jimla ɗaya: ya ce duk wanda ke riƙe da yaro, nasa ko na wani, ya tashi. A yi addu'ar da sassa uku: godiya don waɗanda suka riƙe amana, roƙon tuba da gyara don waɗanda suka kasa, da ta'aziyya don yaran da ke zaune ba su da wanda za su nuna. A karanta aya ta 4 da babbar murya, maza na tsaye.

Da muka fito na ce wa kawu ban ji daɗin abin da aka yi ba. Ya ce: "Kai dai ka yi karatunka, ɗana. Sabulu ne ba ni da shi?" Gaskiyarsa, yana da sabulu. Addu'ar ce hakkinsa, kuma majami'a na riƙe da ita.