Ciwon Tsufa Ba Ya Jin Turanci

A 2014 rikicin Boko Haram ya koro ɗimbin tsofaffi daga Bama, Gwoza da Dikwa zuwa Maiduguri. Da yawansu Barbarci, Larabcin Shuwa ko Margi ne harshen da suke iya kukan ciwo da shi. Amma a asibiti da Hausa ake tambaya, da Turanci ake rubuta magani. Mu masu Hausa kada mu ruɗi kanmu cewa harshenmu ya wadatar. Tsohuwar da jikanta ke yi wa tafinta za ta ɓoye ciwon mara don kunya, likita ya yi ta lalube cikin duhu. Lalle ne Gwamnatin Borno ta ɗauki tafintoci, maza da mata, a asibitocinta, ta yanka masu albashi.