Lafiya uwar jiki: Magudanai biyu da ke cikin cikin ɗan Adam

Masu karatu, a wannan mako za mu leƙa cikin ciki, domin mu gane abin da ya sa wurin da ciwo yake cizo ba kullum ne wurin da cuta take ba.

Babban hanji ya kewaye ciki ta gefe uku. Yakan tashi daga mara ta dama ya hau har ƙarƙashin hanta, ya gitta zuwa hagu wajen saifa, sa'an nan ya gangara. Tsakaninsa da bangon ciki, a kowane kwiɓi, akwai wani dogon kwari, wato magudanai biyu, ta dama da ta hagu. A jikin mai lafiya ɗan ruwa kaɗan ne yake bi ta cikinsu, don kada hanji ya goge juna. Amma in hanji ko tumbi ya huje, jini da mugunya da dattin abinci su ma nan suke bi.

Magudanan nan ba ɗaya suke ba. Ta dama ta fi faɗi, kuma a buɗe take tun daga mara har wani aljihu da ke tsakanin hanta da ƙoda, wanda likitan Ingila Rutherford Morison ya bayyana a 1894. Ta hagu kuwa ƙunci gare ta, kuma wani tantani ya tare ta daga sama, kusa da saifa. In mutum yana tsaye ko zaune, ruwa yakan gangara mara. In yana kwance, yakan kwarara zuwa ƙarƙashin hanta, numfashi kuma yana ƙara janyo shi sama. Saboda haka masu duba ciki da na'urar eko suke fara neman jini a wannan aljihu in an kawo wanda ya yi haɗarin mota. Tun a 1900 likitan Amurka George Fowler ya ba da shawarar a jingine irin waɗannan majinyata, kai a sama, don ruɓa ta taru a ƙasa.

Ga inda ruɗani yake. Gyambo yakan huje a sama, bakin tumbi, ruwan ya bi magudanar dama ya taru a mara, sai a zaci apandisit ne. Likitoci suna kiran wannan da sunan Rudolph Valentino, shahararren ɗan wasan siliman nan da aka yi wa aiki a New York a watan Agusta na 1926, aka tarar da hujajjen gyambo, ya rasu yana da shekara 31. Haka kuma mugunyar da ta hau ƙarƙashin haƙarƙari takan sa ciwo a kafaɗa, alhali kafaɗa lafiyarta lau.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. A ƙasarmu zazzaɓin tifoyid yana cikin manyan abubuwan da suke huda hanji, musamman na yara, yawanci bayan mako biyu ko uku ana zazzaɓi. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak, waɗanda ƴan kasuwa da ma'aikata suke saye wajen masu talla don gajiya, su ma suna cin bangon tumbi.

Don haka in ciwon ciki ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, mutum ba ya son ko motsi, kada a ba shi abinci ko jiƙo ko maganin wankin ciki, kada kuma a jira gari ya waye. A kai shi asibitin da ake aikin fiɗa. In an isa, a gaya wa likita inda ciwon ya fara, da lokacin da ya fara, da inda ya koma, da kowane magani da aka sha. Wannan bayani shi zai taimaka masa ya bi sawun ruwan har inda ya ɓullo.

Sai mako mai zuwa.